Wasiƙa Daga Kasala: Fentin Da Na Sayar Da Bangon Da Aka Shafe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yan'uwana na gida, na Katsina inda aka binne cibiyata, da na Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, da duk inda wannan takarda ta iske mai jin Hausa. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina sanar da ku muna nan da rai, ni da iyalina, a garin Kasala da ke gabashin Sudan, a gindin duwatsun Taka, kusa da iyakar Eritiriya. Masu aiko da saƙo suna tambayar halin da muke ciki, Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci. Mun fito da rayukanmu da tufafin jikinmu. Abin da muka baro a Khartum kuwa, Allah ya mayar da mafi alherinsa.

Labarin yaƙi kuna jin sa a rediyo. Abin da ya sa na zauna rubuta muku wani abu ne da ya daɗe yana cin raina, kuma ya shafi sana'ata.

Ni mai sayar da fenti ne. Karatu ya kawo ni Khartum a 2004, aure da kasuwa suka riƙe ni. Matata Bahaushiya ce 'yar nan ƙasar. Kakanninta na cikin waɗanda suka biyo hanyar gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka zauna tare da ɗansa Mai Wurno a bakin Nilu, a garin da har gobe ake kira da sunansa. Daga baya wani reshe na gidan ya dawo Kasala. Shagona yana kasuwar Sajjana, inda ake sayar da kayan gini, abokan cinikina kuma magina ne da 'yan kwangila da masu gyaran ɗaki kafin biki. A wurina fenti abu ne da ake aunawa da galan da bokiti, a shafa wa bango ya rufe tsaga. Mai zane kuwa, yadda aka tashe ni, yaro ne da bai sami aikin yi ba.

A watan Disamban 2018 kuɗin burodi ya ninka uku, mutanen Atbara suka fito titi, wutar ta kama ƙasa baki ɗaya. Ranar 6 ga Afrilun 2019 jama'a suka yi zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja, wurin da muke ce wa Ƙiyada. Kwana biyar bayan haka Umar al-Bashir ya faɗi, bayan kusan shekara 30 yana mulki. Amma mutane suka ƙi tashi, suka ce ba su kori soja don wani sojan ya hau ba, mulkin farar hula suke so.

A kwanakin nan ne wasu irin masu ciniki suka fara shigo mini. Samari da 'yan mata, hannuwa duk launi, suna haɗa 'yan canji a kan teburina. Ba sa sayen bokiti. Ƙananan gwangwanaye suke nema, ja da rawaya da baƙi da kore, launukan da kan yi shekara a kan kanta magini bai dube su ba. Wata yarinya mai karatu a kwalejin zane ta fi kowa zuwa. Kullum tambayarta ɗaya: "Ammu (wato Baffa), akwai shuɗi mai duhu?" Ran nan na ce mata, 'yata, wane irin gida ne ake shafa wa launi bakwai? Ta ce, "Ammu, zo ka gani da idonka."

Na je cikin azumi, bayan tarawihi. A bakin shingen da suka yi da duwatsu, yara suna laluba aljihun duk mai shiga suna rera cewa a ɗaga hannu sama, bincike ne cikin ladabi. Kan gadar jirgin ƙasa wasu na dukan ƙarfe da duwatsu, kiɗa ɗaya da ba ya yankewa dare da rana. Ana dafa abinci ana rabawa kyauta. Sai bango. Duk inda ido ya kai, bango ya cika: ga jirgin ƙasan Atbara da mutane maƙil har kan rufinsa, ga matar nan mai farin mayafi da 'yan kunnen zinariya da ta hau kan mota tana jagorantar waƙa, ga rubutun cewa ƙasar nan duka Darfur ce. Na riƙa gane kayana. Wannan rawayan daga shagona ya fito, wancan shuɗin ni na gauraya shi.

Gaban wata fuska na tsaya na kasa wucewa. Ahmad al-Khair ne, malamin makaranta daga Khashmul Girba, nan cikin jihar Kasala, wanda ya rasu a hannun jami'an tsaro a farkon Fabrairun shekarar. Na ji labarinsa a lokacin, na yi salati, na ci gaba da ciniki. Amma da na gan shi a bango, ya fi ni tsawo sau biyu, yana kallona, sai na ga malamina na firamare, na ga mutum mai uwa da ɗalibai da alli a aljihu. Hausawa suka ce gani ya kori ji. A daren nan na san abin da ake nufi.

Ranar 3 ga Yuni, 29 ga Ramadan, da asuba, dakaru suka auka wa wurin. Ƙungiyar likitoci ta ce an kashe mutum fiye da 100, an kuma tsamo gawawwaki kusan 40 daga cikin Nilu. Hukuma ta ba da adadin da bai kai haka ba. Aka ƙone tantuna, aka katse intanet fiye da wata guda. Bayan 'yan makonni aka bi bangayen nan da farin fenti aka shafe.

Wannan farin fentin shi ya buɗe mini ido. Na san farashinsa, na san leburori nawa bango mai wannan tsawo zai ci, na san kwana nawa za a yi. Ba a kashe irin wannan kuɗi a kan abin da ba shi da amfani. Mai bindiga da tankar yaƙi ya ga dole sai ya ɗauki buroshi ya rufe aikin 'yan yara, ke nan ya san nauyin abin fiye da yadda ni mai sayar musu da kayan na sani. Gawa ana iya musun adadinta, a ce 60 ne ba 100 ba. Fuskar da ke kallon titi kullum safiya ba ta musuwa.

Kuma abin bai shafu ba. Da intanet ya dawo a watan Yuli, bidiyon da mutane suka ɗauka da wayoyinsu ran nan suka kwararo kamar an ɓalle madatsa. Sashen binciken BBC na Afirka ya tattara fiye da 300 ya jera su bisa lokaci da wuri, har ana iya bin abin da ya faru lungu-lungu. A waje kuma mutane suka mayar da hoton shafinsu shuɗi, saboda wani saurayi, Muhammad Mattar, da aka harbe a ranar, wanda shuɗi ne launin da ya fi so. Na san wasunku ma sun sa. Wata mai zane, Asil Diyab, ta riƙa bin gidajen waɗanda aka kashe, ta zauna da iyayensu, ta ji labarin yaron, sannan ta zana fuskarsa a bangon gidansu. Wannan bangon ba na hukuma ba ne, na uwar yaron ne.

To amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya, kuma na san yana tsaye a wuyan da yawanku. Mun tashi muna jin hadisan da suka yi gargaɗi a kan suranta abu mai rai. Ni da na sayar da fentin, ina matsayina? Na kai maganar gaban surukina, dattijo ne da ya yi shekaru yana koyar da allo. Ya ce, "Ɗana, maganar hoto malamai sun yi magana mai tsawo, sun bambanta tsakanin gunki da abin da aka zana a shimfiɗe, kuma ba su taru a kan baki ɗaya ba. Ba zan yanke maka abin da manya suka bari a buɗe ba. Amma kai ka ɗauka zane fuska ce kawai? Ɗauko mini allon can." Allon saukar ɗansa ne, da zayyana ja da rawaya da baƙi kewaye da ayoyi. A nan suna ce mata sharafa, ita ce dai zayyanar da muka sani a gida. Ya ce wanda ya yi wannan, me za ka kira shi?

Ƙanen matata, wanda a lokacin yake koyon aikin kyamara, shi ya ɗora da ba ni labarin Ibrahim al-Salahi, ya riƙa nuna mini ayyukansa a waya. Ina so ku san mutumin nan. An haife shi a Umdurman a 1930, ɗan malami ne, a makarantar allon mahaifinsa ya fara riƙe alƙalami. Ya tafi Landan ya koyi zane irin na Turawa, ya dawo a 1957 ya baje kolin abin da ya koyo, sai ya ga mutanen ƙasarsa ba su ga kansu a ciki ba. Bai ce jahilai ne ba. Ya koma ya dubi abin da ke rataye a ɗakunansu da abin da hannuwansu ke yi: rubutun Alƙur'ani, zayyanar allo, adon faifai da ƙwarya. Ya ɗauki harafin Larabci ya riƙa buɗe shi, yana jan wutsiyarsa, har siffofi suka fara fitowa daga cikinsa. Daga nan aka sami abin da ake kira Makarantar Khartum a tarihin zane. Ƙasarmu ma ta san shi da wuri, don a farkon shekarun 1960 an nuna ayyukansa a kulob ɗin Mbari da ke Ibadan.

A 1975, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin Numairi ta kama shi bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. Ya yi wata shida a kurkukun Kobar ba a kai shi gaban alƙali ba. An hana takarda da abin rubutu. Sai ya sami guntun fensir, ya riƙa yaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane a kai, in ya ji tafiyar mai gadi ya tona yashi ya binne. Ku dubi wannan da kyau. Mutumin da aka raba da muƙaminsa da iyalinsa, abin da ya zaɓa ya sa kansa cikin haɗari dominsa shi ne zane a kan takardar da ba ta kai tafin hannu ba. Kuma wannan ƙuncin ya zame masa hanya: bayan ya fito, ya riƙa fara aiki daga 'yar ƙaramar takarda guda, ya liƙa wata a gefenta, ya ƙara wata, hoton yana girma kamar tsiro. Da irin wannan hanya ya yi babban aikinsa mai ɓangare tara, da baƙar tawada a kan fari, jama'a sun dunƙule hannu sun taso wa mai mulki da makami. Sunan da ya sa masa yana nufin abin da babu makawa. Ya gama shi a 1985, shekarar da mutane suka fito suka kayar da Numairi. A 2013 gidan baje kolin zane na Tate Modern da ke Landan ya cika ɗakunansa da ayyukan rayuwarsa.

Amma abin da ya fi shiga raina cikin aikinsa bishiya ce. Ya yi shekaru yana zana wata bishiya da ake ce wa haraz a nan. Da na duba sai na ga ashe gawo ne, gawonmu na gona. Kun san halinsa: damina ta sauka kowace bishiya ta yi kore, shi ya kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara, rani ya ƙone komai, shi kuma ya yi lif. Mutanen Sudan suna cewa faɗa ya yi da ruwan sama. Salahi ya zana shi sau da yawa, wani lokaci layuka kawai a tsaye kamar sahun salla, babu fuska babu ido. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin mulkin da ke son kowa ya yi kore rana ɗaya ya bushe rana ɗaya, ya san abin da bishiyar nan ke faɗi. Manomin Katsina zai gane wannan zanen kafin farfesa, don shi ya san gero ya fi kyau a gindin gawo.

Akwai kuma wata dattijuwa, Kamala Ibrahim Ishaƙ, haifaffiyar Umdurman a 1939, wadda ta koyar da masu zane da yawa a Khartum. Tana da shekara fiye da 80 ta yi wa yaran 3 ga Yuni zane, aka nuna shi a Landan a 2022. Babu bindiga a ciki, babu jini. Ruwa ne shuɗi, da tsirrai masu dogayen jijiyoyi, da fuskoki cikin ƙwallaye kamar kumfa suna shawagi a tsakaninsu. A waya na gan shi, ƙarami, gilashin wayar ma a fashe. Duk da haka tun ranar ban ƙara tsallaka gadar Nilu ban tuna akwai 'ya'yan mutane a ƙarƙashina ba.

Kada in yaudare ku. Fenti bai tare harsashi ko ɗaya ba. A watan Oktoban 2021 soja suka sake ƙwace mulki. Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi kuma, sojan gwamnati na Burhan da dakarun RSF na Hamidti, waɗanda a nan muke ce wa Da'ama, suka juya wa juna bindiga a tsakiyar birni. Muka gudu Madani. A watan Disamba Madani ta faɗi, muka sake ɗaukar yara muka bi ta Gadarif zuwa nan. Mutum fiye da miliyan 10 sun bar gidajensu. Shagona an fasa an kwashe, ban san wanda ya yi ba, na bar shi da Allah. Gidan tarihi na ƙasa, mai kayan da suka shekara dubbai, an same shi a wawashe lokacin da soja suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025. Masu zane sun watse, wasu Alƙahira, wasu Nairobi, wasu Kampala, da yawa sun bar aikin shekaru a ɗakunan da ba su san ko suna tsaye ba. Yarinyar nan mai neman shuɗi mai duhu, rabona da jin ɗuriyarta tun makon farko na yaƙin. Ina sa ta a addu'a kullum.

Kuma a wannan yaƙin na ga wani abu da ya fi farin fenti muni. Da, mai kisa ɓoyewa yake yi. Yanzu da hannu ɗaya yake riƙe bindiga, ɗayan yana riƙe da waya. Shi ke ɗaukar kansa, shi ke zaɓar inda zai tsaya, shi ke sa wanda ya kama ya durƙusa ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Da Fashir, birnin da ke Darfur, ta faɗa hannun Da'ama a ƙarshen Oktoban 2025, bayan an yi kusan shekara ɗaya da rabi an kewaye ta, irin waɗannan bidiyon ne suka cika wayoyinmu. A cikinsu mai bindiga ne ke da suna da murya da dariya. Wanda aka kashe ba shi da ko ɗaya. Duk wanda ya tura wa wani, ko da kuka yake yi, ya taya mai kisan kai saƙonsa inda yake so ya kai.

Ƙanen matata ya nuna mini wani fim da Hajuj Kuka ya yi a 2014 a kan mutanen Duwatsun Nuba da jihar Nilul Azraƙ, jihar da 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa. Jirgin Antonob yana zuwa ya saki bam, mutane su faɗa ramuka. In ya wuce su fito, su ƙirga juna, in kowa na nan sai dariya ta ɓarke, a ɗauko garaya irin tasu a kama kiɗa. Yaƙi dai yaƙi ne, kyamara ma kyamara ce, amma wanda ya riƙe ta ya zauna da mutanen ya ci abincinsu, don haka da ka gama kallo su kake tunawa, ba jirgin ba.

Shi ma ƙanen matar tawa abin da yake yi ke nan a nan Kasala, da wayarsa da wata tsohuwar kwamfuta. Yana bin waɗanda suka yi gudun hijira, ya roƙi izini, ya ce kowa ya nuna masa abu ɗaya da ya fito da shi. Ba ya ɗaukar gawa, ba ya ɗaukar mai kuka sai in shi ya ce a ɗauka. Wata tsohuwa daga Bahri ta buɗe ƙullin bakin mayafinta ta fito da makullin gidanta. Minti guda cur kyamarar na kan tafin hannunta, tana lissafa ɗakunan da makullin ke buɗewa da wanda ke kwana a kowanne, tana faɗin inda kowa yake yanzu, na ƙasa da na sama. Wani tela ya nuna almakashinsa. Wani yaro ya nuna takalmin wansa da yake jira ƙafarsa ta kai. Ran wata Juma'a da dare muka rataya farin zanen gado a tsakar gida, aka aro na'urar haskawa, maƙwabta suka cika gidan har zaure, ana zuba jabana, gahawar mutanen nan. Da makullin nan ya bayyana a jikin zanen, girmansa ya kai ƙofa, sai na ji ƙarar ƙarfe a bayana. Mata ne ke kwance nasu makullan daga bakin mayafi. Ba wanda ya ce su yi.

Yanzu bari in juyo gare ku, don dominku na rubuta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, to namu gemun ya daɗe da kamawa. Daga nan nake ganin 'yan bindigar dajin Zamfara da Katsina suna baje kuɗi da makamai a TikTok, yaranmu sun san sunayensu da fuskokinsu da irin rawanin da suke naɗawa. Mu kuma me muke da shi? Bidiyon gawawwaki a WhatsApp, a rubuta Innalillahi a ƙasa, a tura, in waya ta cika a goge. A ƙarshen Nuwamban 2020 aka yanka manoman shinkafa a Zabarmari, muka ga hoton mutum 43 a jere cikin likkafani. Ina tambayar ku tsakani da Allah, ina kuma tambayar kaina: wa zai iya kawo sunan mutum ɗaya daga cikinsu? A Disamban 2023 jirgin soja mara matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, soja suka ce kuskure ne, aka ce mutum 85. Wace ce ƙarama a cikinsu? Me aka ɗinka mata na Mauludin? Mun bar wa masu kisa fuska da suna, mun bar namu da lamba. Wannan abu yana ƙona mini rai fiye da asarar shagona.

Kuma ba hannu muka rasa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta fi shekara 60 tana yaye masu zane a Zariya. Muna da jikokin maginan da suka yi wa bangayen Zariya da Kano ado, masu zayyanar allo, masu ɗinkin aska takwas, masu rubutu a bayan tirela da A Daidaita Sahu, da ɗaruruwan yara a Kano da suka iya kyamara da haɗa hoto fiye da ƙanen matata. Abin da muka rasa shi ne mu ɗauki aikinsu da nauyi. Yaro ya ce zai karanci zane, uba ya ce ya ɓata masa kuɗi. Ni ma haka na ce da, shi ya sa nake da bakin faɗa.

Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zana fuska ba, ban ce ya yi ba, kuma kada wani ya raina shi a kan haka. Suna fa? Wa ya hana rubuta suna? Bangon makarantar garinku, ko na gidan mai unguwa in ya yarda, ko ƙyalle fari in bango zai jawo fitina: a rubuta sunan kowane mutum da aka kashe, da sunan mahaifinsa, da sana'arsa, da kyakkyawan rubutu, a kewaye da zayyana kamar allon sauka. A fara da neman izinin iyalansa. Mai waya ya je ya zauna gaban gwauruwar da aka bari, ya gaishe ta yadda ya kamata, ya tambaye ta abin da mijinta ya bari, fartanya ce ko rediyo ko hula, ya bar ta ta yi magana ba tare da ya sa mata kiɗan tausayi a baya ba. Kada a nuna fuskar wanda nunawar za ta jefa shi cikin haɗari. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, mu nan mun koyi wannan da tsada.

Mu ma mun fara namu. Surukina ya ba da bangon zaurensa. Hausawan ƙasar nan suna da nasu mamatan tun kafin wannan yaƙi, don rikicin Nilul Azraƙ na 2022 ya ci ɗaruruwan rayuka, namu da na maƙwabtanmu, kuma tsohon ya ce duk wanda aka kawo sunansa za a rubuta, ba a tambayar ƙabila a bakin kabari. Ni na shafe bangon, na gauraya shuɗi mai duhu da ɗan abin da na samu a kasuwar nan. Shi yake rubutu da hannunsa, irin rubutun allo mai kauri da ya gada daga kakanninsa, hannun na rawa amma harafin na fita daidai. Mutane na zuwa da 'yan takardu a ninke. Jiya wata mata ta kawo suna uku, ta tsaya har aka gama na farko, ta sa yatsa ta taɓa shi tun bai bushe ba, ta tafi da shuɗin a hannunta. Sauran biyun sai gobe bayan sallar asuba, in Allah ya kai mu, kafin rana ta yi zafi.

Ku gaishe mini da iyaye da malamai da duk mai tambayata. Ku sa Sudan a addu'a, muna sa ku.

Wassalam.

Ɗan'uwanku mai fenti,
Kasala, Sudan.